Bayan Kyanwa Ba Ya Taɓa Ƙasa

Hausawa na cewa wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Maganar ta dace da ɗan Adam, domin shi da zarar ƙafarsa ta rabu da ƙasa dabararsa ta ƙare, abin da ya rage masa sai lalube da salati. Akwai kuwa wata halitta a cikin gidajenmu wadda wannan karin magana bai hau kanta ba. Kyanwa kan suɓuce daga kan katanga ko reshen darbejiya ko bakin rumbu, wani lokaci ma cikinta na kallon sama, babu igiya, babu wanda ya miƙa mata komai, amma kafin ƙiftawar ido ta juya a cikin iska ta dira a kan ƙafafunta huɗu. A ƙauyukan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda na tashi, babu yaron da bai san haka ba. Duk gidan da ke da rumbun masara ko dawa yana da kyanwa saboda ɓera, kuma duk wanda ya zauna da kyanwa ya ga wannan sauka har ta daina ba shi mamaki.

Tun muna yara an ba mu amsoshi iri-iri. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce mini cikin wasan kaka da jika: "Kai maigidana, ka cika tambaya. Bayan kyanwa ba ya taɓa ƙasa domin hannu mai albarka ya taɓa shafa shi." Tana nufin labarin nan da ya yaɗu a ƙasashen Musulmi, wai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shafi bayan wata kyanwa. Malaman hadisi ba su inganta labarin ba, sai dai yana nuna matsayin dabbar a zukatan mabiya addinin da ɗaya daga cikin manyan masu ruwaito hadisansa ya shahara da laƙabin Abu Huraira, wato mai 'yar kyanwa. Wasu kuma sukan ce ai rai tara gare ta. Akwai masu yi mata kallon zargi, musamman baƙa idan ta gitta da dare, su ce abin nata da maita. Duk waɗannan amsoshi sun haɗu a kan abu guda, cewa saukar kyanwa baiwa ce da aka ba ta kyauta, ba ta biyan ko anini. Karatun kimiyya, da zaman da na yi a yankinmu cikin shekarun da ya shiga, sun nuna mini cewa tana biya, kuma a jikinta take biya.

Abin da ya sa wannan sauka ta ɗaure wa masana kai yana cikin wata doka da kowace tsohuwa mai kaɗi ta sani da hannunta. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, kuma duk wanda ya ga ana kaɗi ya san mazari ba ya juyawa don kansa, sai an murza shi da yatsu. Haka katantanwar da yara ke wasa da ita a dandali. Masana kimiyyar motsi sun mai da wannan sani doka: abin da ba ya juyi ba zai soma juyi ba sai wani abu daga wajensa ya murza shi, kuma muddin babu murza daga waje, jimillar juyin da ke cikin jiki ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. To, a riƙe kyanwa a rigingine, a sake ta ba tare da an wurga ta ba. Jimillar juyinta sifiri ce. A cikin iska babu bangon da za ta tokara, babu ƙasar da za ta taka. Bisa zahirin doka, kamata ya yi ta iso ƙasa yadda aka sake ta, kamar buhun dusa. Amma kullum sai ta juya.

Manyan masana sun ba wannan tambaya lokacinsu. Jems Makswel, mutumin da ya tsara dokokin lantarki da maganaɗisu a ƙarni na 19, ya yi ta gwada sakin kyanwoyi a Jami'ar Kambirij ta Ingila don ya auna saurin juyawarsu, amma ido ba ya iya bin abin da ke faruwa a cikin ɗan wannan lokaci. Sai a shekarar 1894 wani masanin Faransa, Etiyen-Jul Mare, ya yi amfani da na'urar da ya ƙera mai ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa guda, ya ɗauki faɗuwar kyanwa daki-daki, ya gabatar da hotunan a gaban Majalisar Masana Kimiyya a birnin Faris. Wasu daga cikin mahalarta suka ƙi yarda, suka ce lallai da hannun mai sakinta ta tokara ta sami juyin. Hotunan kuwa sun nuna cewa a lokacin da ta bar hannun ba ta juyawa, a tsakiyar iska ta fara. Dokar tana nan daram. Abin da ya shige wa masu musun duhu shi ne, sun saba da lissafin abubuwa masu tauri irin su dutse da itace, alhali jikin kyanwa yana lanƙwasuwa, yana iya rabuwa gida biyu, kowane ɓangare ya kama tasa hanyar.

Aikin yana farawa ne daga kunne. Can cikin kunnen kyanwa, kamar yadda yake a namu, akwai 'yan bututu uku masu zagaye cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da tsakuwoyi ƙanana ƙwarai. Ruwan bututun shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya karkata ko ya juya, shi ne kuma ke sa yaro jiri idan ya yi ta hajijiya ya tsaya. Tsakuwoyin su ke nuna inda ƙasa take. Da wannan labari na kunne, da abin da ido ya gani, kyanwa kan fara da kai, ta mai da fuska wajen ƙasa, sa'an nan sauran jiki ya bi. Ba ta tsayawa tunani. Abin yana soma bayyana ga 'ya'yan kyanwa tun suna da mako uku zuwa huɗu, ya kammala wajen mako na bakwai, ba tare da uwa ta koya musu ba.

Yadda sauran jikin ke bi kuwa, misalinsa na nan a aikin gini. Mutum ya ɗora azara a ka ya gwada juyawa, zai ji tana yi masa gardama, domin nauyinta ya bazu nesa da tsakiyar jikinsa. Ya ajiye ta ya ɗauki buhun gero mai nauyinta, zai juya yadda ya so, domin nauyin a dunƙule yake. Kyanwa tana mai da rabin jikinta buhu, rabi azara. Da farko takan naɗe ƙafafun gaba ta manna su da ƙirji, ta miƙe na baya, sai ta murɗa ƙugu. Ɓangaren gaba, da yake a dunƙule yake, ya yi juyi mai yawa. Ɓangaren baya, da yake a baje yake, ya juya kaɗan ta ɗaya hannun. Nan take sai ta sauya, ta miƙe ƙafafun gaba, ta naɗe na baya, ta sake murɗawa. Yanzu baya ne ke yin babban juyi ya cim ma gaba, gaba kuma ya ɗan koma inda ya fito. A kowane lokaci, idan aka haɗa juyin dama da na hagu, sifiri ake samu kamar yadda doka ta ce. Duk da haka kyanwar da ta bar hannu a rigingine ta iso tana kallon ƙasa.

Akwai dabara ta biyu da ke tafiya tare da wannan. Kyanwa kan lanƙwasa tsakiyar jikinta kamar lauje, ta yadda gaba da baya ba sa kan layi ɗaya, kowanne na mirginawa a kan nasa layin, juyin wannan na cinye wani sashe na juyin wancan, ɗan abin da ya rage kuma jiki gaba ɗaya ya biya shi da 'yar karkata ta ɗaya hannun. A 1969 wani injiniya a Jami'ar Sitanfod ta Amurka, Tomas Ken, da abokin aikinsa suka yi lissafin wannan dabara, suka kwatanta kyanwa da gwangwani biyu da aka haɗa da gaɓa mai lanƙwasuwa. Hukumar NASA ce ta tallafa wa aikin, domin tana son 'yan sama jannati su koyi juyawa a inda babu abin tokarawa. Ƙirar jikin kyanwa ta dace da aikin. Gaɓoɓin ƙashin bayanta 13 ne a ƙirji da 7 a ƙugu, namu kuwa 12 da 5. Ƙashin nan da ke ɗaure kafaɗar mutum da ƙirjinsa, nata ɗan siriri ne kwance cikin tsoka, bai kama wani ƙashi ba. Wutsiya, wadda mutane da yawa ke zaton ita ce sitiyari, taimakonta kaɗan ne: kyanwoyin tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, da yawansu ba su da wutsiya tun haihuwa, kuma a kan ƙafa suke sauka.

Duk wannan yana da sharuɗɗa. Na farko shi ne lokaci. Abin da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya ba ya yin rabin daƙiƙa a iska, kuma wannan ya ishi kyanwa mai lafiya. Amma idan tazarar ta yi gajarta ƙwarai, ƙasa kan riga ta, ta buga gefe kamar kowa. Na biyu shi ne sanin inda ƙasa take. A shekarun 1950 masu binciken sojan saman Amurka sun shiga da kyanwoyi cikin jirgi, matuƙi ya bi da shi ta hanyar da ke sa komai na ciki ya rasa nauyi na 'yan daƙiƙoƙi. Da kunne ya ɗan jima bai ji jan ƙasa ba, sai kyanwoyin suka dinga wutsil-wutsil a sarari, ƙashin baya lafiya lau, ƙafafu lafiya lau, amma ba su san ina za su fuskanta ba. Na uku shi ne ƙasar kanta. Idan juyi ya kammala, kyanwa kan tanƙwara baya sama ta miƙa ƙafafu, gaɓoɓi su lanƙwashe su shanye bugun. Sai dai abin da gaɓa ke iya shanyewa yana da iyaka, kuma turɓaya daban, siminti daban.

Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Funtuwa, kuma idan na zo wannan darasi nakan kawo wa ɗalibai wani bincike da likitocin dabbobi biyu suka buga a 1987. A cikin wata biyar an kai kyanwoyi 132 wani asibitin dabbobi a birnin Niyok na Amurka, duk sun faɗo daga benaye, wata ma daga hawa na 32. Kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sun rayu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, raunin yana ƙaruwa har zuwa wajen hawa na bakwai, daga nan sai ya zama kamar yana raguwa. Likitocin sun yi hasashen dalili: jikin kyanwa ba shi da nauyi, iska na tare shi, don haka gudun faɗuwarta ba ya wuce wajen kilomita 100 a sa'a, kusan rabin na mutum, idan ta kai wannan iyaka sai ta daina jin ƙaruwar gudu, ta saki jiki ta baje ƙafafu kamar laima. Ɗalibai na son wannan labari, domin da daɗin ji a ce komai nisan faɗuwa akwai tsira.

Wata rana, ban kai ga rufe baki ba, wani yaro da ke zama a layin baya, wanda ba ya yawan magana, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, to wadda ta faɗo ta mutu nan take fa? Ai ba wanda zai kai gawa asibiti. Wa ya ƙirga ta?" Wannan ita ce ainihin sukar da aka yi wa binciken: lissafi ne na waɗanda suka iso ƙofar likita da rai, waɗanda suka mutu a kan titi ba su shiga ciki ba. Yaron bai karanta wannan a ko'ina ba. Iyayensa sun taso ne daga wani ƙauye na ƙasar Faskari, kuma ya san yadda ake ƙirga mutane bayan hari. Waɗanda suka iso gari da ƙafarsu akan rubuta sunayensu, waɗanda suka faɗi a gona ko a daji kuwa 'yan'uwansu kaɗai suka san adadinsu. Na ce masa ya yi gaskiya, na kuma ƙara wa ajin wani adadi na binciken da ba a cika ambata ba. Kashi 90 cikin ɗari na kyanwoyin nan sun iso da rauni a ƙirji, yawanci huhu ne ya ƙuje ko ya huje, kuma fiye da ɗaya cikin uku sun buƙaci taimakon gaggawa don ceton rai. A kan ƙafafunsu suka sauka, ciwon yana ciki inda ido ba ya gani.

Wanda bai san kudancin Katsina ba zai so a gaya masa inda yaron ya samo wannan ilimi. Ƙasa ce mai albarkar noma, ta masara da dawa da auduga da waken suya, ga shanun huɗa, ga farar ƙasar Ƙanƙara da ake haƙa ana kai wa masana'antu. Faskari da Ƙanƙara sun yi iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da ƙasar Birnin Gwari, kuma dazuzzukan da ke tsakani, waɗanda a da makiyaya da maharba da masu itace ke shiga, su ne suka zama mafakar 'yan bindiga. Abin ya faro da satar shanu, ya koma satar mutane don kuɗin fansa, ya kai ga ɗora wa manomi haraji kafin ya shuka da kuma kafin ya girbe. A watan Yunin 2020 aka afka wa Kadisau a ƙasar Faskari, aka kashe mutane da dama. A daren Juma'a, 11 ga Disamba na wannan shekara, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Ɗalibai da yawa sun tsira ne ta hanyar haura katanga su dira cikin duhu, sauran aka kora su daji a ƙafa. Ranar 17 ga wata aka sako su, gwamnatin jiha ta ce su 344 ne, duniya ta gan su a talabijin, da yawansu ba takalmi, jikinsu duk ƙura.

Tun daga lokacin, akwai wata magana da nake yawan ji idan na je Katsina ko Kano ko Kaduna aka san inda na fito. Sai a girgiza kai a ce, "Kai, mutanenku akwai juriya. Duk abin da aka yi musu sai ka ga sun miƙe." Wani abokina ma cewa ya yi mu kyanwoyi ne, bayanmu ba ya taɓa ƙasa. Da kyakkyawar niyya ake faɗi, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kasuwa na ci, ana ɗaura aure, ana fita gona da damina ko da rai a hannu. Sai dai yabon yana ɗauke da tunanin nan na amsoshin yarinta, cewa saukar kyauta ce, don haka wanda aka ba baiwar ba ya buƙatar a tare shi. Ɗaliban adabi za su tuna ɗan kokawar nan Amalinze na littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ake yi wa laƙabi da Kyanwa, ya kuma yi shekara bakwai ba a kai shi ƙasa ba. Tun a shafin farko na littafin aka kayar da shi.

Na ga yadda ake wannan juyi a gidan goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye na ƙasar Sabuwa. Bayan hari na biyu a kan ƙauyensu, gidan ya rabu gida biyu. Ita da 'yan mata da ƙananan yara suka dunƙule a ɗaki ɗaya na haya a Funtuwa. Mijinta da samari biyu suka tsaya can, suna fita gona da hantsi su baro ta kafin la'asar. Babu wanda ya miƙa musu ko da kaifin takobin. Cikin wata uku Goggo ta soma sayar da koko da ƙosai a bakin layi, ƙananan yara suka shiga firamare, kuɗin haya na fita. Duk wanda ya gan ta zai ce ta sauka a kan ƙafafunta, kuma lallai ta sauka.

Dokar mazari kuwa ba ta ƙyale ta ba. In babu murza daga waje, duk juyin da wani ɓangare ya yi, wani ɓangaren ne ya biya. Kuɗin kasko da jarin wake daga shanun huɗa suka fito, an kuma sayar da shanun da araha domin kowa sayarwa yake yi. Da babu shanu, gonar da a da ake nome ta duka sai aka noma kusurwarta. 'Yarta babba, wadda ta kai aji biyu na babbar sakandare, ita ce ta bar karatu ta ɗauki talla don ƙannenta su zauna a aji. Mijin, mutumin da baƙi ke kwana a zaurensa da kaka, ya koma karɓar kuɗin cefane daga hannun matarsa a ɓoye. Na taɓa ce mata, "Goggo, wallahi kin yi ƙoƙari." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wane ƙoƙari? Mai goyo ai ba ta da bayan faɗuwa." Gidan ya juyo ya fuskanci ƙasa, amma babu abin da ya shigo masa daga waje, karatun 'ya da martabar uba aka bayar aka sayi juyin.

Sauran sharuɗɗan ma haka suke aiki a kanmu. Gidan Goggo ya sami lokaci, domin harin farko bai taɓa su ba, sun yi makonni suna shawara, suka sayar da abin sayarwa. Maƙwabtansu da aka ɗauke wa maigida a dare ɗaya, aka nemi fansar da ta cinye gona da rumbu, ba su fi Goggo rashin dabara ba, tazarar juyawa ce ba su samu ba. Game da kunne kuwa, a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da ukun nan, bayan an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, an kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da kayan buƙata, kuma mutane da yawa sun goyi baya. Amma a watannin nan talaka ya ɗanɗana abin da kyanwoyin jirgin nan suka ɗanɗana. Ƙauye ba ya iya gargaɗin ƙauye cewa ga babura nan tafe. Mai ɗan'uwa a can bai san ko yana raye ba sai ya sami mai zuwa. Mutum da lafiyarsa da ƙarfinsa ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa.

Ciwon ƙirji shi ne wanda aka fi mantawa. Ranar da yaran Ƙanƙara suka dawo an yi murna, kuma murnar ta cancanta. An ƙirga su, an duba lafiyarsu, an mai da su ga iyayensu, labari ya wuce. Mu malamai a wannan yanki mun san irin ɗaliban da ke zuwa mana daga garuruwan da aka taɓa. Akwai yaron da ke zabura idan babur ya yi ƙara a waje, da yarinyar da ba ta yarda ta zauna nesa da ƙofa, da mai barci a aji domin da dare ba ya iyawa, da wanda ya daina zuwa gaba ɗaya saboda ubansa ya ce boko bai kai rai ba. Babu ɗayansu da ke ɗingishi. Haka tsofaffin da aka taso daga gidajen da aka haife su, suka rasu a ɗakin haya bayan shekara guda aka ce hawan jini ne, ba sa cikin lissafin kowane hari.

Muna yara, an yi wata kaka da samarin unguwarmu suka mai da kyanwa abin wasa. Sai a hau bakin rumbu da ita, a sake ta a rigingine, ta dira a ƙafa, a yi shewa, a sake kamo ta. Hujjarsu ita ce ai ba ta jin komai. Wani dattijo mai sayar da goro ya tarar da su, bai yi musu tsawa ba. Ya tuna musu hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, sa'an nan ya ce ranar tambaya mai saki za a tambaya, kuma iya saukar kyanwa ba za ta zame masa shaida ba. Wannan maganar nake so ta isa kunnen duk mai yaba juriyarmu. Iya sauka da talaka ya yi bai wanke wanda ya jefo shi ba, bai kuma sauke nauyin wanda aka ɗora wa tsaronsa ba. Abin da gida irin na Goggo ke nema a bayyane yake cikin darasin: ɗan jari daga waje, don kada karatun 'ya ya zama kuɗin kasko, gargaɗi a kan kari, don a sami tazarar juyawa, makarantar da za ta karɓi ɗan gudun hijira ko takardunsa sun ƙone, da lissafin da zai rubuta sunan wanda bai iso gari ba.

Likitocin dabbobi sun san kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni abincin wani ne. Idan ta faɗo daga nesa takan dira, ta girgiza jiki, ta lashi ƙafa, ta yi tafiyarta da taƙama kamar ba abin da ya faru, masu kallo su watse. Daga nan sai ta shige ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun da ya hau, ta kwanta shiru tana numfashi sama-sama, wani lokaci ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba. Matan gida masu lura ba sa yarda da tafiyar taƙamar nan. Da magariba za ka ga ɗaya ta ɗauko fitila da ɗan nono a kwano, ta durƙusa ta leƙa.